Mako na uku: jinkar ɗakin Garifuna ta zauna, saura ruguma

'Yan uwa masu koyon haɗa 'yan ƙananan gidaje na kwaikwayo, ga inda na kwana da ɗan ɗakin Garifuna da nake haɗawa.

Ga wanda bai san su ba, Garifuna jikokin 'yan Afirka ne da suka cuɗanya da mutanen Karib da Arawak a tsibirin Sent Binsent. A 1797 Turawan Ingila suka kwashe su suka zube a tsibirin Rowatan, daga can suka bazu a gaɓar tekun Honduras, Beliz, Gwatemala da Nikaragwa. Ɗakin da nake kwaikwayo irin na ƙauyen Miami ne, kusa da Tela a Honduras, ba Miamin Amurka ba. Ƙauye ne a kan rairayi, teku a gaba, tafki a baya.

Bango bai ba ni wuya ba. Su da karan daji suke yi, wasu su yaɓe da laka. Ni sillen dawa na jera na ɗaure da zare. Yaɓen farko ya tsattsage saboda iskar hunturu, sai na cuɗa lakar da yankakkiyar ciyawa, ta kama.

Jinka ce ta sha ni. Su da ganyen wata bishiya dangin kwakwa suke rufi, wadda ake kira manaka a Honduras. Ni kaba na samu, na jiƙa ta kwana ɗaya, na tsaga siri-siri. Rufin farko na kwantar da shi sosai don ya yi kyau a ido, da na zuba ruwa da buta sai ga shi yana ɗiga a tsakar ɗaki. Nan na gane me ya sa nasu ke da tsini haka: ƙasa ce mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, dole ruwa ya gangara kafin ya sami kafa. Na warware duka, na ɗaga ƙashin bayan rufin, na fara jeri daga ƙasa, kowane layi yana rufe rabin na ƙarƙashinsa. Bakin jinkar kuma na bar shi ya zarce bango, don kada feshi ya cinye yaɓen. Don Allah ku gwada naku da buta kafin ku ɗaure layin ƙarshe.

Yanzu ina kan madafa, kuma a ganina ita ce ran gidan. A nan mata ke yin ereba, gurasar rogo. Sukan goge rogo mai ɗaci a kan allon da aka kafa wa tsakuwoyi, su ɗura shi cikin ruguma, wata doguwar saƙa mai kamar maciji, su rataye ta, su zura sanda a ƙasanta su danna har ruwan mai dafi ya tsiyaye. Sannan a tankaɗe, a gasa. Wanda ya taɓa ganin masu garin kwaki suna danne buhu da dutse ya san manufar, sai dai wannan dabarar ta fi burge ni, domin saƙar da kanta ke matsewa idan an ja ta.

Sau uku ina saƙa 'yar ƙaramar ruguma, sau uku tana ƙin tsukewa. Na lura sai zaren kabar ya tafi a karkace, ni kuwa hannuna ya saba da miƙaƙƙiyar saƙa. Masu saƙar tabarma a cikinku, yaya kuke riƙe bakin saƙa idan kuna zagayawa? Da zarar rugumar ta yi, sai in koma kan turmin kirɓa ayaba da kwalekwalen bakin ruwa.