Abin da ruwan garuwa ya koya mini a shagon kifin ado

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin shago, bayan shekara uku ina kula da tankunan kifin ado a nan Jos. Masu zuwa wurinmu sun san ɗakin baya, inda muke kiwon ƙananan kifayen nan dangin sikilid. A ɗakin nan ne abin da har yau yake ci mini rai ya faru.

A cikin dangin nan akwai wasu da ake kira Apistogramma guda biyu, mace da namiji, da maigida ya sayo daga Legas da tsada. Asalinsu rafukan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda ruwa yake da laushi (wato ma'adinan da suka narke a ciki kaɗan ne) da ɗan tsami, ganyaye suna ruɓewa a ciki har ya yi kalar shayi. Wata huɗu na yi ina lallaɓa musu ruwa. Na tara ruwan sama tun damina a durom biyu, ina zuba busasshen ganyen almon, sai da ma'aunin tsami na pH ya zauna a 6, zafi kuma a digiri 26. Na kifa musu ƙoƙon kwakwa a kan yashi. Ran nan da safe na tarar macen ta rikiɗe ta zama ruwan ɗorawa shar da baƙaƙen zane, ta tsaya a bakin ƙoƙon tana korar namijin. Ta manna ƙwai a rufin ciki. Kwana uku suka ƙyanƙyashe, kafin mako ya zagayo ta fito da 'ya'yanta suna bin ta kamar ƙura, sun kai sittin.

A watan Janairu ne, hunturu ya kankama, kuma kowa ya san sanyin Jos. Ruwan saman da na tara ya ƙare. Da yamma maigida ya shigo ya ce gobe wani babban mai saye zai zo daga Abuja, a canza rabin ruwan kowane tanki don gilashi ya yi ƙyalli. Na ce, "Yallaɓai, ban da na masu 'ya'yan nan." Ya ce, "Kai yaro, kifi ba a ruwa yake ba? Yi abin da na ce." 'Yan garuwa suka kawo ruwan burtsatse, ya kwana a durom a waje.

Laifina ba zan ɓoye shi ba. Kayan gwajin ruwa suna cikin aljihun tebur, ban ɗauko ba. Hannuna da na tsoma ya gaya mini ruwan ya yi ƙanƙara, duk da haka na juye. Sai bayan na ga 'ya'yan sun zube ƙasa suna birgima na gwada abin da ya rage a durom: pH 7.6, zafi digiri 15, irin ruwan da sabulu ba ya kumfa a ciki. Wanda bai sani ba zai ce ai tazarar ba yawa. To kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne. Kafin azahar babu ɗa ko ɗaya mai motsi. Uwar ta koma toka-toka, ta shige ƙoƙon ta ƙi fitowa. Da cokali na riƙa tsince su.

A gaban baƙon nan maigida ya ce sakacina ne. Ƙarshen wata ya zaftare rabin albashina, kuma har na bar wurin bai taɓa cewa shi ya ba da umarni ba. Ga duk wanda zai karɓi aikin bayana, idan aka ce ka yi abin da ka san zai kashe kifi, ka gwada ruwan a gaban mai umarnin, ya ga launin da kwalbar gwajin ta nuna da idonsa. Ni kunya ce ta hana ni, kuma kunyar ba ta cece ni da komai ba.

Daga ranar na sayi littafi ina rubuta gwajin kowace safiya. Ban ƙara canza ruwan da ya wuce kashi 10 cikin 100 a tankin 'ya'ya ba, shi ma sai ya kwana a ɗaki ya yi zafi ɗaya da na tanki. Ruwan famfo sai an kashe kulorin ɗinsa. Idan aka ɗauke wuta da dare, bargo nake lulluɓa wa tankin. Na kuma gane cewa zafi yana taɓa jinsin Apistogramma a makonnin farko: wajen digiri 29 maza sukan fi yawa, wajen 23 kuma mata.

Mai fara kiwon sikilid gara ya fara da kiribensis maimakon Apistogramma, wanda kifinmu ne na kudancin Najeriya da Kamaru, ya fi haƙuri da ruwa.

Waccan uwar ta sake yin ƙwai a watan Yuni, da ruwan sama ya dawo. 'Ya'ya 48 na raina har suka isa sayarwa, kuma ni kaɗai nake taɓa tankin. Littafin gwajin da kuɗina na saya, don haka na taho da abina.