Kwana 28 da aka ba ni in amsa tuhuma

Ina shekara ta uku a wani asibiti a arewacin Ingila abin ya same ni. Aikina ɗaukar hoton cikin jikin marasa lafiya da na'ura, irin su X-ray. A Jami'ar Bayero na karanta, na yi aiki a Kano da lasisin RRBN, hukumar da ke yi wa masu sana'armu rajista a Najeriya, daga baya na samu rajista da HCPC, wadda ke kula da sana'o'in lafiya 15 a Birtaniya har da tamu.

Wajen ƙarfe uku na dare aka turo takardar neman hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da X-ray da kwamfuta, na kan wani dattijo. Aka gunguro mini mutum a gado, na kira suna, ya ɗaga kai ya amsa, na yi hoton. Sai da zan tura wa likita na ga shekarar haihuwar da ke jikin abin hannunsa, wato ɗan madaurin shaida da asibiti ke ɗaura wa mara lafiya, ta saɓa da ta takarda. Ashe su biyu ne a ɗaki ɗaya masu sunan iyali ɗaya, shi kuma wannan kunnensa ya yi nauyi, duk abin da ka faɗa masa zai amsa. Ƙa'ida ita ce mara lafiya ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa da bakinsa, kai kuma ka gwada da takarda da abin hannu. Na san haka sarai, har ɗalibai na koya wa. A daren nan ban yi ba, bawan Allah ya sha radiyeshan, wato hasken na'urar da yawansa ke iya cutarwa, a banza.

Zuciya ta raya mini in goge hotunan in yi shiru, tunda ba kowa a ɗakin sai ni. Allah ya kiyaye. Na kira likitan da ke bakin aiki, na cike rahoton aukuwar kuskure, da gari ya waye na tsaya gaban dattijon da 'yarsa na faɗa musu abin da ya faru na ba su haƙuri. Duk abin da ya cece ni daga baya, daga wannan sa'a guda ya taso. Kuskuren aiki ana gyara shi da horo, amma wanda aka kama ya ɓoye ko ya taɓa bayanan mara lafiya, amanarsa ake tuhuma, kuma irin wannan ne ke kai mutum ga rasa rajista.

Dokar radiyeshan ta 2017 ta wajabta wa asibiti bincikar irin wannan. Da suka duba, sai ga wani kuskurena na watannin baya, inda na sa alamar dama a hoton hagu. Aka hana ni yin aikin dare ni kaɗai har sai na sake horo. Ƙa'idojin HCPC sun ce idan wurin aikinka ya taƙaita maka aiki saboda shakku kan ƙwarewarka ko halinka, kai za ka sanar da su da kanka. Na rubuta musu.

Bayan an tattara takardu sai wasiƙar tuhuma ta iso daga HCPC, da wa'adin kwana 28 in ba da amsa. Mako biyu ban faɗa wa maiɗakina ba. Bizata a rataye take da aikin, aikin kuma da rajistar, ga mutanen gida da ke jiran abin da nake turawa duk wata. Kunya ta sa na so in kashe wutar ni kaɗai, kuma wannan ita ce babbar wautar da ake yi.

Na zauna na rubuta shafi huɗu. Na kawo maganar wanda ya gunguro gadon, da ƙarancin ma'aikata, da awoyin da na shafe a tsaye. Duk gaskiya ne. Na kai wa wani dattijonmu ɗan Sakkwato da ya daɗe a aikin nan, ya karanta ya ajiye.

"Ƙanena, a ina ka ce kai ka yi?"

"Yaya, ai sun riga sun sani."

"Su sun sani. So suke su ga ko kai ka sani."

Shi ya matsa mini in kira ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, SoR, wadda nake biya wa kuɗin wata-wata ban taɓa neman komai a wurinta ba. Wakiliyarsu ta fahimtar da ni abin da ban gane ba: kwamitin binciken HCPC ba hukunci yake nema ya yi kan abin da ya wuce ba, yana auna ko a yau jama'a za su tsira da lafiyarsu a hannunka. Don haka abu uku suke dubawa, ko ka gane girman abin, ko ka gyara, ko akwai alamar za ka sake. Duk wanda ya zo ƙasar nan aiki ya shiga ƙungiya tun ranar farko, domin ba su cika ɗaukar matsalar da ta riga shigarka ba.

Muka sake rubutu daga tushe. Na amsa kowace tuhuma ɗaya bayan ɗaya, na amince da wadda na aikata ba kwana-kwana. Gajiya da cunkoso sun shiga, amma a layi biyu, a matsayin yanayin da ake ciki. Mafi tsawon sashe shi ne wanda na yi bayanin abin da kuskuren ya jawo: radiyeshan ga wanda bai buƙata, jinkiri ga mai rauni a kai da ke jira a ɗaki, da zubewar yardar iyalai biyu. Na haɗa shaidar horon da na sake, da rahoton shugabar sashenmu da ta yi mako shida tana lura da yadda nake tantance marasa lafiya, da wasiƙun abokan aiki. Wasiƙar shaida ba ta da nauyi sai marubucinta ya nuna ya san tuhumar da ake maka, don haka sai da na daure na faɗa wa kowannensu.

Wakiliyar ta ja mini kunne kan abu biyu. Kar in sake buɗe fayil ɗin dattijon don neman hujja, domin kwamfuta na rubuta duk wanda ya shiga, kuma wannan sabon laifi ne. Kar kuma in kai maganar dandalin WhatsApp na 'yan gida, ko da ban ambaci suna ba.

Kwamitin bincike mutum uku ne, ɗaya ɗan sana'armu, kuma takardu kawai suke karantawa, ba ka zuwa gabansu. Da sun ga akwai abin amsawa, da sai zaman sauraro a HCPTS, sashen HCPC mai sauraron ƙararraki, zaman da yawanci a bainar jama'a ake yi, inda za a iya yi maka gargaɗi, ko a gindaya maka sharuɗɗan aiki, ko a dakatar da kai har shekara guda, ko a soke sunanka. Nawa suka ce babu abin amsawa, tare da sanar da ni cewa idan wani ƙorafi ya taso cikin shekara uku za a iya waiwayar wannan.

Na koma aikin dare. Makon jiya aka kawo wata tsohuwa da ba ta iya magana, abin hannunta kuma ya goge. Likita na waya yana cewa in hanzarta. Na ce sai ma'aikaciyar jinyar da ta san ta ta sauko ta tabbatar mini, muka jira minti goma sannan na kunna na'ura.