Walkin 'yan kasuwar Japan: yini guda a Toyohashi

A wani shagon shinkafa a Tokyo na fara ganinsa. Dattijon mai shagon ya ɗaura wani ƙyalle baƙin shuɗi daga ƙugu har ƙasan gwiwa, da manyan fararen haruffa a gaba, da igiya mai ratsin ja da fari. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne walkin maƙeran garinmu, sai dai nasu na fata ne, wannan kuwa auduga ce. Abokin tafiyata ya ce sunansa maekake, kuma in ina son ganin inda ake saƙa shi sai mu nufi Toyohashi, a lardin Aichi.

Jirgin ƙasa na Shinkansen ya kai mu cikin kamar awa ɗaya da rabi. An ce in zauna ta hannun dama don in ga Dutsen Fuji, amma hadari ya rufe shi ruf.

Tun daga ƙofar masaƙar ƙara ta tare mu, kas-kas-kas, sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Injunan baƙin ƙarfe ne, tsofaffi tukuf, waɗansu sun doshi shekara ɗari, ƙoshiya tana kai da komowa tsakanin zare kamar ta masaƙan gargajiya, illa dai lantarki ke jefa ta. Na sunkuya na karanta sunan da ke jikin ɗaya: Toyoda. Na kusa da shi kuma Suzuki. Sai na yi dariya ni kaɗai. Ashe motocin da suka cika tashoshinmu jikokin masaƙa ne! Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867 a yankin Kosai mai maƙwabtaka da Toyohashi, injin saƙa ya ƙera. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin mota na Toyota a 1937. Shi ma Michio Suzuki da masaƙa ya fara a Hamamatsu a 1909.

Na tambayi masaƙin dalilin da ya sa ba su sayi sababbin injuna ba. Bai ce komai ba, ya miƙo mini ƙyallen. Ga kauri, ga laushi. Zaren mai kauri ne kamar abawa, kuma tsohon inji a hankali yake tafiya, ba ya matse shi har ya sandare.

Wurin ɗaurawa ne na sha kunya. Na zagaya igiyar a cikina kamar mai ɗaura zane, wata dattijuwa ta girgiza kai, ta sauke ta zuwa kan ƙashin kwankwaso, ta zagayo da ita ta baya, ta ɗaure tamau a gaba. Nan take na ji bayana ya miƙe. Ɗamara ce ashe: masu ɗaukar buhun shinkafa, da akwatunan giyar sake, da tulunan miyar waken suya, da ita suke tallafar ƙugu. In kayan na kafaɗa ne, sai a ɗaga ƙyallen a shimfiɗa a kafaɗa ya zama gammo.

Haruffan kuwa sunan shago ne da tambarinsa, wani lokaci har da lambar tarho, wato mutum yana yawo da allon shagonsa a jikinsa. A kan da yawansu ba fenti ake shafawa ba: sai an rina ƙyallen duka, sannan a cire launin daga gurbin haruffan. Ja da fari na igiyar launukan biki ne da fatan alheri a wurinsu. Na so in yi musu alfaharin karofin Ƙofar Mata, amma na fasa da na ji cewa da yawan maekake yanzu da rinin kanti ake rina su, ba da baba ba.

Biyu na saya. Ɗaya na mahaucin unguwarmu ne, in ya yarda ya ɗaura rubutun da ba ya iya karantawa.