Las Vegas ga wanda baya caca

Garin nan na Las Vegas, da yake jihar Nevada a Amurka, tun daga filin jirgi yake nuna maka sana'arsa, baya ɓoyewa. Kana sauka a filin jirgin Harry Reid, kafin ma ka kai inda ake ɗaukar jaka, injinan caca ne a jere suna ƙyalli suna kiɗa, ga mutane zaune a gabansu da akwatunansu a gefe, wasu ma jirgin komawa gida suke jira amma dai sai sun ƙara dannawa.

Ni da Yayana da matarsa da yaransu muka je lokacin hutun zafi, kuma tunda na saka hotuna tambaya ɗaya ake ta min, wai me Musulmi zai je yi a garin 'yan caca. Banga laifin masu tambayar ba, Hajiyarmu ma da taji sai da tace “toh Allah ya tsare, ku dai riƙe sallah.” Abun da zan iya cewa shine akwai abun kallo sosai wanda babu ruwansa da caca, wani ma kyauta ne, amma fa sai ka shiga da idonka a buɗe, domin an tsara garin ne yadda duk hanyar da ka bi sai ta ratsa da kai ta gaban inji.

Ka ɗauki otal misali. Daga inda zaka karɓi katin ɗaki zuwa inda zaka hau lif, dole ka keta tsakiyar gidan cacar, haka in abinci zaka je ci, haka in fita zakayi. Babu agogo a bango, babu taga, fitilu iri ɗaya dare da rana, hayaƙin sigari ko ina tunda an yarda a sha a wurin, ga 'yan mata suna yawo da faranti suna kai wa masu wasa giya kyauta dan kar su tashi. Doka tace sai mai shekara 21 zai yi caca, yara zasu iya wucewa amma ba'a yarda su tsaya ba, dan haka kullum riƙe hannunsu muke muna sauri. Wata tsohuwa na gani da asuba na sauko zan nemi ruwan zafi, da robar iskar numfashi a hancinta, tukunyar iskar a gefen kujera, yatsanta ɗaya a kan maɓalli tana dannawa tana dannawa, fuskarta babu murna babu baƙin ciki. Wallahi har yau in na tunata sai raina ya sosu. Duk wannan ƙyallin da ake ɗauka a hoto, da kuɗin irinta aka kunna shi.

Babban titin da kowa ya sani shine Strip, tsawonsa kusan kilomita 7, kuma duk abun da duniya take taƙama dashi sun kwaikwayo sun ajiye a nan. Ga hasumiyar Eiffel ta Faransa an yi rabin tsayinta, ga dalar Masar ta baƙin gilashi a otal ɗin Luxor da fitilarta mai harba haske sama da daddare, ga gunkin 'yancin nan na New York, a otal ɗin Venetian kuma kogi suka gina a cikin gini da kwale-kwale irin na Italiya, mai tuƙin yana waƙa, rufin an fente shi da gajimare yadda ko ƙarfe 11 na dare ne zaka rantse la'asar ce. Gine-ginen suna ruɗar ido saboda girmansu, zakaga otal kamar gashi nan ka kama tafiya, minti ashirin baka kai ba, ga hawa gada ga sauka. Gara ka sayi tikitin bas ɗin nan mai hawa biyu da ake kira Deuce, dare da rana yake zirga-zirga. Zafi kuwa sai dai wanda yaji, kana fitowa daga esi iska zata doki fuskarka kamar ka leƙa bakin tandar gurasa. Hamada ce ta Mojave, ruwan saman da suke samu a shekara bai fi milimita 100 da ɗoriya ba, a watan Yulin 2024 ma zafin ya kai digiri 49.

A cikin na kyauta, rawar ruwan Bellagio ce ta fi burge ni. Tafki ne babba a gaban otal ɗin, sai a saki kiɗa ruwa ya dinga tashi layi-layi yana lanƙwasa yana juyi, can sai kaji “fuuum” ya harba sama har feshin ya taɓo ku a bakin titi in iska ta juyo. Da yamma duk bayan minti 30 ake yi, da dare duk minti 15, kuma sisi ba zaka biya ba. A ciki akwai lambun furanni da suke sake masa ado duk canjin yanayi, matar Yaya sai da muka yi da gaske ta yarda muka fito. Sai kuma Sphere, ƙatuwar ƙwallon nan da aka buɗe a 2023, tsayinta mita 112, gaba ɗaya jikinta allon bidiyo ne, yanzu ta zama wata, anjima ta zama ƙwayar ido tana kallonka. Dala biliyan 2.3 aka kashe mata. Mu daga waje muka kalla kuma ya wadatar.

Abinci shine inda sai ka kula. Gidajen nan na ci-iya-cinka sune abun da Vegas ta shahara dasu, ka biya kuɗi sau ɗaya ka ɗauki faranti kayi ta zagaye. Mun shiga ɗaya, kuma gaskiya ido ya ƙoshi kafin ciki, amma naman alade yana shiga inda baka zata ba, a barbaɗa shi a kan salak, a dafa wake dashi, wata miyar kuma da giya aka haɗa, dan haka komai sai ka tambaya kuma ma'aikatan basa jin haushi, zasu gaya maka. Mu ɓangaren kayan ruwa muka tsaya, jatan lande, kifi gasasshe, ƙafafun ƙaguwa dogaye da ake baka wani ɗan ƙarfe ka fasa ka zaro farin naman ka tsoma a narkakken man shanu. Daɗi kam akwai. Abun da ya dame ni shine almubazzaranci, mutum ya cika faranti ya ci loma uku ya ture ya je ya ciko wani, ma'aikaci ya zo ya kwashe zuwa shara, alhali a ƙarƙashin titin nan akwai mutane da suke kwana a cikin manyan magudanan ruwa saboda basu da wurin zama.

Inda muka ci abinci da kwanciyar hankali kuwa sai da muka bar Strip. Wani direban tasi ɗan Habasha ne yace mana in kuna son abincin gaske ku fita daga titin baƙi, kuma gaskiyarsa, 'yan ƙasarsu suna da yawa a garin har da unguwar da ake kira da sunansu. Akwai gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Afghanistan da Larabawa, shinkafar biryani da naman rago mai laushi, tsire irin nasu, gurasa da zafinta daga tanda, kuɗin bai kai rabin na can ba. Matar Yaya kuma ta taho da yajinta a jaka, shi ya ƙarasa komai. Ka dai tuna farashin da ka gani a takarda ba shine zaka biya ba, za'a ɗora haraji sannan ga ihsanin ma'aikaci wanda al'ada ta mayar kamar dole, kashi 15 zuwa 20. Otal ma haka, akwai wani kuɗi na daban da suke ƙarawa duk dare wai na amfani da kayan more rayuwa, ka tambaya tun kafin ka kama ɗaki. Ruwan sha kuwa ka je babban kanti ka sayi katan guda.

Toh yanzu ga abun da ya kai ni, lilo. A ƙarshen titin Strip ta arewa akwai hasumiyar Strat da aka buɗe a 1996, tsayinta mita 350, kuma a can ƙololuwarta suka ɗora kayan wasan. Tun a lif kunnenka zai toshe. Da muka fito fili iska tana kaɗawa, motoci a ƙasa sun zama ɗige-ɗige, Yaya ya kalle ni yace “kai, ka tabbata zaka hau abun nan?” nace “Yaya ai dan shi nazo.” Yace toh shi zai riƙe min waya.

Na farko Big Shot. Kujeru ne a zagaye da dogon ƙarfen da yake saman hasumiyar, a zaunar da kai a sauko da wani ƙarfe ya danne kafaɗunka, ƙafafunka suna reto, ma'aikaci ya bi ɗaya bayan ɗaya yana jan bel yana gwadawa. Sai shiru. Wannan shirun ne ya fi komai wuya, kana jin injin yana tara iska a ƙarƙashinka baka san daƙiƙar da zai saki ba, ni dai Hasbunallahu nake ta maimaitawa. Kawai sai ya harba mu sama kusan mita 50 cikin ƙiftawar ido, nauyinka gaba ɗaya ya danne cikin kujera, da ya kai ƙarshe kuma sai jikinka ya tashi daga kujerar kana shawagi, ƙarfen kafaɗa ne kaɗai ya riƙe ka, hasumiyar ma baka ganinta, babu komai a gabanka sai sarari da garin a shimfiɗe har inda fitilu suka ƙare duwatsu suka fara. Sannan ya sako ka ƙasa ya sake cillawa. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba amma da na sauko gwiwoyina rawa suke, kuma dariya ta ƙi tsaya min, wani irin farin ciki ne da na daɗe ban ji ba.

X-Scream shi kuma nasa salon daban ne, wani ɗan jirgi ne a kan dogo, sai dogon ya karkata ya sulalo da ku zuwa wajen ginin ya ja birki kwatsam, ku tsaya a rataye kanku yana kallon titi daga sama da mita 250, ya ja ku baya ya sake. Wanda ya samu kujerar gaba shi yake shan ta. Akwai kuma SkyJump inda ake ɗaura wa mutum igiya ya diro daga hawa na 108 har ƙasa, mun tsaya mun kalli wata mata ta tsaya a bakin wurin ta ja baya ta sake matsowa, da ta diro kowa sai da ya tafa mata.

Mai yara ko wanda baya son tashin hankali, High Roller zai hau. Ƙatuwar taya ce mai tsayin mita 167 da ɗakunan gilashi 28 a jikinta, tana juyawa a hankali, minti 30 zagaye ɗaya, ko motsi ba zaka ji ba. Daga buɗe ta a 2014 ita ce mafi tsayi a duniya har sai da Dubai suka yi tasu a 2021. Ku hau daf da magariba. Jirgin wasan otal ɗin New York-New York shima na hau, wanda yake zagaye ginin ta waje yana kifa mutane, gudunsa ya haura kilomita 100 a awa. A tsohon gari kuma, titin Fremont inda Vegas ta faro a 1905, an rufe saman titin da allon bidiyo mai tsawon sama da mita 400, mutane suna wucewa ta saman kanka a rataye jikin waya suna ihu. Wurin yana da kyau da wuri, amma dare na yi shigar banza da maye suke yawa, bana ba mai iyali shawarar ya kai dare a can. Ko a Strip ma akwai masu miƙa wa mutane wasu katuna na batsa, kar ka bari yaro ya karɓa ko ya tsinta a ƙasa.

Ranar Juma'a mun samu jam'i a masallacin Jamia da yake titin Desert Inn, cike da mutane, direbobi da likitoci da ma'aikatan otal, kowa da yarensa. Mutum sai ya manta ma a wane gari yake.

Amma in mutum zai ji tawa, ya ware yini guda ya fita daga garin gaba ɗaya ya je madatsar Hoover, tafiyar kusan kilomita 50 ce. An fara gina ta a 1931, shekarar da jihar Nevada ta halatta caca, aka gama a 1936, tsayinta mita 221 na zallar kankare a matse tsakanin duwatsu biyu a kan kogin Colorado, kuma ma'aikata kusan ɗari ne suka rasa rayukansu a wurin aikin. Kana tafiya a kanta ka tsallaka daga Nevada zuwa Arizona da ƙafa. In ka juya ka kalli tafkin Mead, wato ruwan da madatsar ta tare, zakaga wani farin layi mai faɗi a jikin duwatsun, alamar inda ruwa yake kaiwa a da kenan kafin fari da yawan ɗiba su janye shi, kuma kusan kashi 90 na ruwan da Vegas take sha daga nan yake fitowa. Shi yasa suka tashi tsaye, ruwan da aka yi amfani dashi a cikin gida ana tace shi a mayar tafkin, a 2021 ma suka yi dokar cire ciyawar ado wadda babu mai taka ta. Yaya da yake injiniya ne a nan ya fi daɗewa, yana ta yi wa yaran bayanin yadda ruwa yake juya injin ya ba da lantarki, ni kuma na haye gadar da aka buɗe a 2010 inda ake hango madatsar gaba ɗayanta daga sama.

A yammacin gari kuma akwai Red Rock, jajayen duwatsu da hanyar mota mai zagaye ta kilomita 21, kuje da sassafe kafin rana ta buɗe. Wanda yake da zaɓi ma ya guji Yuni zuwa Agusta, ya je Maris ko Afrilu ko Oktoba, kuma tsakiyar mako, kuɗin ɗaki yana sauka sosai in ba Juma'a da Asabar ba. Mu hutun makarantar yara ne ya ɗaure mu. In Allah ya sake kai ni, ƙaton kwarin nan na Grand Canyon zan nufa, inda ƙabilar Hualapai suke da gadar gilashin nan da ake takawa ana hango ƙasan kwarin ta ƙarƙashin ƙafa.