Heathrow zuwa Frankfurt: an gano inda kilomita 62 suka maƙale

Alhamdu lillahi, teburin Excel ɗin da muke lissafa nisa da lokacin tafiyar jirgin sama da shi ya daina yi mana ƙarya. 'Yan uwa masu lissafa nisan tafiyar jirgi da haversine (dabarar lissafin nisa tsakanin wurare biyu a doron duniya daga digirinsu), ku koma ku duba gurbin Heathrow yanzu.

Nisan filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na Frankfurt a Jamus a miƙe kilomita 655 ne, ko kusa da haka. Teburin kuwa ya kafe a kan 592. RADIANS, umarnin Excel mai juya digiri zuwa ma'aunin da lissafin ke buƙata, na nan daidai, 6,371 (nisan tsakiyar duniya zuwa doronta a kilomita) na nan a mazauninta, digirin arewa ma ba matsala: 51.47 da 50.03. Ashe ɓarnar tana digirin gabas da yamma. Frankfurt tana 8.57 gabas da Greenwich, inda ake fara ƙirga digirin gabas da yamma, Heathrow kuwa tana 0.46 a YAMMA, don haka sai an sa mata alamar debewa. In babu alamar, tazarar takan zama digiri 8.11 maimakon 9.03, kuma a wannan yanki kowane digiri kusan kilomita 70 ne. Abin haushin shi ne 592 ba ta yi kama da kuskure ba, shi ya sa ido ke wuce ta. Wanda ya yi gwajinsa da Paris da Frankfurt ba zai taɓa ganin wannan ba, tunda duk a gabas suke.

Lokaci kuma wani ciwon kai ne. Jirgi ƙirar Airbus A320 na gudun kimanin kilomita 830 a awa in ya daidaita a sama, ka raba nisan da wannan gudun sai ka samu minti 47. Ba jirgin da ke yin haka. Ƙasa da ƙafa 10,000 ana taƙaita gudu zuwa kimanin kilomita 460 a awa, hawa na cin kusan minti 20, saukowa ma haka ko fiye, abin da ya rage na cikakken gudu kaɗan ne. Ga shi yawancin ranaku iska daga yamma take, jirgi ya tashi daga titi na 27 a Heathrow yana fuskantar yamma alhali gabas ya nufa, sai ya kewayo. A Frankfurt ma ya wuce filin, ya juyo ya sauka a titi na 25.

Abin da ya yi aiki: ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan nisan, ya zama kusan 720, a raba da matsakaicin gudu 620. Minti 70 ke nan a sama. A ɗora minti 25 na tafiya a ƙasa daga ƙofa zuwa titi da kuma bayan sauka, ya ba da awa 1 da minti 35, dab da abin da ake gani a jadawali.

Kada ku debe lokacin tashi daga na sauka kai tsaye, Jamus na gaban Ingila da awa ɗaya. Ku mai da komai UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, tukuna.

Dawowar ce har yanzu ta ƙi zama. Iska na gaban jirgi, sannan ga shawagin jiran layi a Lambourne, inda jirage ke kewayawa a sama kafin a ba su damar sauka a Heathrow, wanda wani lokaci babu shi sam, wani lokaci ya haura minti 10. Na buɗe masa gurbi na daban, sai dai adadin da za a zuba a ciki ne ban yarda da shi ba tukuna.