Abin da ya tsayar da ni a Atina

Jama'a, aiki ya kai ni Atina, babban birnin Girka, sai na leƙa gidan tarihin da ke tsohuwar kasuwarsu, Agora. Abin da ya tsayar da ni wani allon dutse ne mai 'yan ramuka jere-jere. A zamanin da, ɗan gari zai kawo ɗan faifan tagulla mai sunansa a soka a rami, sannan a zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe ta bututu. Layin da fara ta faɗo wa, su ne alƙalan ranar. Babu kamfen, babu ubangida, balle kuɗin fom.

Majalisar mutum 500 da Kilistenis, wani jagoran siyasar Atina, ya kafa wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ma da canki-canka ake cika ta, mutum 50 daga kowace ƙabila cikin goma. A ganinsu zaɓe masu kuɗi da suna yake fifitawa, shi ya sa suka bar shi ga muƙamai kaɗan, irin na janar-janar. Mata da bayi da baƙi kuwa ba su da ta cewa, wannan tabo ne babba.

Har yau haka ake ɗauko masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka da Ingila. Ireland ma a 2016 ta ɗebo mutum 99 ta wannan hanya, suka tattauna dokar zubar da ciki kafin zaɓen raba gardama na 2018.

Wallahi ina son in ga an gwada ko a ƙaramar hukuma ɗaya ce, mai shayi da malamar firamare su zauna kan kasafin kuɗi.