Littafin Waƙoƙin Da Ban Mayar Ba

A makon jiya ne matata ta matsa mini in rage tarkacen da ke cikin tsohon akwatin ƙarfen da na yi makaranta da shi, kuma a can ƙarƙashin takardun jarrabawa da kyankyasai suka cinye gefensu na tarar da wani Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya rabu da jikinsa har sai da aka ɗaure shi da zaren buhu. Sunan da ke rubuce a shafin farko ba nawa ba ne. Na ari littafin ne a shekarar 2009 da niyyar mayarwa da an tashi daga sujada, ga shi yau har 'ya'yana sun iya karanta sunan mai shi. Ba zan rubuta sunan a nan ba domin mutum ne mai kunya, zan dai kira shi Ɗan Garkida, kamar yadda muka saba kiran juna da sunan garuruwanmu a lokacin.

Na yi karatu a Jami'ar Bingham da ke Karu a Jihar Nasarawa, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Ekkilisiyar ECWA ce ta kafa ta a 2005, ta ba ta sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da nufin kawo bishara ƙasar nan, biyu daga cikinsu kuwa ba su ga ƙarshen shekarar da ta biyo baya ba. Lokacin da na isa, makarantar tana da sauran ƙuruciya, itatuwan da aka dasa ba su kai ga yin inuwa ba. Mahaifina, wanda dattijon ekkilisiya ne a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi, sai da ya sayar da bijiman huɗarsa guda biyu kafin kuɗin shekarar farko ya cika, kuma ya yi hakan da farin ciki, domin a ganinsa wanda ya shiga makarantar masu bi ya shiga gidan 'yan'uwansa ne. Ni ma da wannan zaton na tafi.

Sai dai watanni ukun farko ban taɓa jin kaɗaici irin nasu ba. Muna cika ɗakin sujada, muna waƙa da murya ɗaya, kowa na kiran kowa ɗan'uwa, amma da an yi addu'ar rufewa sai kowa ya nemi 'yan garinsu ko waɗanda suka yi sakandare tare. Ni kuwa duk wanda ya ji cewa Bahaushe ne ni daga Jihar Katsina, tambayarsa ta farko ita ce yaushe na tuba, kuma ko iyayena sun kore ni. Na gaji da bayanin cewa kakana ne ya karɓi baftisma, ni kuma a Makarantar Lahadi na koyi karatu, har na koma yin shiru ina murmushi kawai.

Abin da ya fitar da ni daga wannan hali shi ne wata 'yar ƙungiyar ɗalibai da ke neman izini wasu ranakun Lahadi ta je taimaka wa ƙananan majami'u na ƙauyukan Gbagyi da ke kewaye. A can da Hausa ake sujada, kamar yadda ake yi a majami'u masu ɗimbin yawa daga Zuru har Mubi, inda Batangale da Babure da Bajju da Angas ba su da harshen da ya haɗa su a gaban Allah sai wannan. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba shi shekaru masu yawa na rayuwarsa, kuma wasu ekkilisiyoyin ma sunansu na asali da Hausa yake, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Saboda haka na shiga motar da girman kai, ina ganin yau an zo fagena. A hanya wani siririn yaro mai karatun likita ya ce, "Matan fasto ya ce mu zo da wuri," na kuwa fashe da dariya har na maimaita maganar don kowa ya ji. Bai ce mini komai ba, ya dai juya yana kallon gonakin doya ta taga.

Da muka isa sai aka tarar baƙon mai wa'azin da aka gayyato ba ya jin Hausa ko kaɗan. Fasto ya dube mu ya ce, "Ai ga Bahaushe nan Allah ya kawo mana." Na miƙe na tsaya kusa da bagade, na fassara gaisuwa da gabatarwa cikin daɗin baki, har na ƙara karin magana guda da mai wa'azin bai faɗa ba, tsofaffi suka gyaɗa kai. Amma da mutumin ya nutsa cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya kawo kalmar nan da ke nufin Allah ya ɗauki mai zunubi a matsayin marar laifi, sai bakina ya mutu. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake makarantar kwana inda da Turanci ake sujada, Hausar da ta rage mini ta gona ce da ta kasuwa da ta hira a dandali. Majami'a ta yi tsit, ina jin kukan akuya a waje, gumi na bin bayana. Sai daga bencin gaba, ba tare da ya ɗago kansa daga littafinsa ba, yaron nan da na yi wa dariya ya ce a hankali, "Baratarwa." Na cafe. Bayan minti biyu ya sake jefo mini "tsarkakewa", daga baya "fansa", haka muka yi ta yi har aka ce amin, kuma babu wanda ya lura sai wata tsohuwa shugabar zumuntar mata da ke zaune da tulun kiɗanta a tsakanin ƙafafu.

Da aka tashi waƙar baiko, wato waƙar lokacin da ake tara kyautar masu sujada, ba ni da littafi, yaron nan, wato Ɗan Garkida, shi ne ya miƙo mini nasa, ya ce ya haddace. Bayan sujada tsohuwar nan ta kira mu biyu bayan majami'a, ta ajiye mana tuwon dawa da miyar karkashi a kwano ɗaya, ta ce, "'Ya'yana, kai Hausarka ta kasuwa ce, shi kuma tasa ta majami'a, to ku ci tare ko Allah zai sa su gauraya." Na ce, "Mun gode, Mama," na kasa haɗa ido da shi. A bakin wannan kwanon na roƙe shi gafara, ya ce ai gaskiya na faɗa, har yau bai san dalilin da ya sa rana mace ce, dare kuma namiji ba.

Mu huɗu ne muka zama aminai, sauran biyun kuwa ba su shigo da wani abin mamaki ba. Ɗan Billiri shi ne mai ɗaukar janareta da gyaran lasifika, mutum ne da ba ya iya ganin benci a karkace ya wuce, kuma mun shaƙu ne saboda kullum ni da shi ake bari da kwashe kujeru. 'Yar Gindiri kuwa, wadda ta tashi a ekkilisiyar COCIN, ita ce ke koya mana muryoyin waƙa, ta kuma kore ni daga kwaya sau biyu saboda ina jan kowa zuwa muryata. Mutane da yawa sun ɗauka ɗayanmu zai aure ta, ba haka aka yi ba, mu ukun ne ma muka tsaya karɓar baƙi ranar bikinta. Da dare mukan zauna mu jiƙa garin kwaki da ƙuliƙulin da mahaifiyata ke aiko mini, ana tsokanar juna a kan ɗarika. Ɗan Garkida yakan ce su a EYN sau uku ake nutsar da mutum a ruwan baftisma, suna kuma wanke wa juna ƙafa kafin jibin Ubangiji, don haka mu da aka tsoma sau ɗaya da sauran datti a jikinmu. Ɗan Billiri yakan amsa masa cewa wanda aka wanke sau uku shi ya san irin daudar da ya zo da ita.

A ganina, kuma na san wasu fastoci ba za su ji daɗin wannan ba, wa'azi da manyan tarurruka ba su ne suka ƙulla mu ba. Na halarci tarurrukan farkawa da yawa inda muka yi kuka muka rungumi juna, yau ko fuskokin waɗanda na runguma ban tuna ba. Abin da makarantar da majami'un nan suka yi mana shi ne sun ba mu aiki tare, mako bayan mako, aikin da ba wanda zai yaba maka a kansa, sun kuma sa mun ga juna a lokacin gajiya da yunwa da jin kunya. Kalmar ɗan'uwa tana da araha a bakin masu bi, kowa ana ba shi ita tun daga ƙofa, amma wanda ya san ranar da garinka ya ƙare ba tare da ka faɗa masa ba, sai an daɗe ana ɗaukar benci tare ake samunsa.

A farkon daminar 2011 mahaifina ya rasu. Watanni biyu ke nan da rikicin bayan zaɓen Afrilu, wanda ya ci rayuka da wuraren ibada a Kaduna da wasu jihohin Arewa, kuma iyayen abokaina sun ja musu kunne kada su kuskura su bi hanyar nan. Na tafi ni kaɗai, ban ma tambaye su ba. Kwana biyu da binnewa, muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga su ukun sun sauko daga kan babura biyu, jikinsu duk laka, bayan sun kwana a hanya daga Abuja zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa har Malumfashi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma ranar nan ce na fara ganin ƙafar da idona. Wanda ya fara miƙewa ya tarbe su shi ne baffana, yayan mahaifina, Musulmi ne da ke limanci a masallacin unguwarsu. Ya riƙe hannun Ɗan Billiri ya ce, "Sannunku da hanya, 'ya'yana, kun yi zumunci, Allah ya ba da lada." Ya kwashe shimfiɗarsa ya bar wa mazan ɗakinsa, ya sa aka yanka musu zakara. Ɗan Billiri, wanda bakinsa ba ya hutawa, bai yi magana ba har dare, sai da muka kwanta ya ce mini a cikin duhu bai taɓa kwana a ɗakin Musulmi ba. 'Yar Gindiri kuwa ta ɗaura zane ta shiga cikin mata, da asuba na ji muryarta da ta mahaifiyata suna waƙa a madafa, daga wannan littafin da ke hannuna yanzu, domin yana cikin jakata na tafi da shi ban sani ba.

Bayan mun gama kowa ya kama gabansa. Ɗan Garkida ya riga mu barin Karu, domin masu karatun likita a Jos suke ƙarasawa, a asibitin da mutanen garin ke kira Jankwano. Aure da aiki suka rage mana waya, har akan yi wata uku ba mu gaisa ba. Amma a wani dare na Fabrairun 2020, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Garkida suka ƙona majami'u da gidaje, ni ya fara kira. Yana wurin aiki a wani gari, mahaifiyarsa tana can, wayarta ba ta shiga. Na haɗa sauran biyun a layi, muka kwana mu huɗu babu mai cewa komai sai jefi-jefi wani ya yi gajeriyar addu'a, kati ya ƙare a sake sawa. Da hantsi aka same ta da rai a bayan gari, ita da maƙwabtanta. A garin ne, a gindin wata tsamiya, aka yi sujadar farko ta ekkilisiyarsu a watan Maris na 1923, kuma ya sha yi mini alkawarin zai kai ni in ga wurin, ni ne dai kullum nake da uzuri.

Da na ga littafin a akwati na ɗauki hotonsa na tura masa ta WhatsApp, na ce ya ba ni adireshi in saka masa a mota. Ya daɗe bai amsa ba, ina jin yana ɗakin tiyata. Can da yamma sai ga saƙon murya, da Hausar nan tasa da har yau ba ta rarrabe mace da namiji. Ya ce littafin ba nasa ba ne, na mahaifiyarsa ne, ita ta ɗaure shi da zaren buhun da hannunta ranar da zai tafi makaranta, kuma ta tambaye shi inda yake ya fi sau goma, yana ce mata yana wurin wani Bahaushe. Ya ce kada in kuskura in ba direba, Mama ya ce in kawo da kaina a Kirsimeti, in zo da yaran, in kuma taho da ƙuliƙuli.